Wasiƙar godiya ga kamfanin bawul na Fisher

Zuwa ga ma'aikata da shugabannin Fisher,
Marshalltown, jihar Iowa, Amurka.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, tare da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku.

Ni tsohon ma'aikacin sashen na'urorin awo ne a wata masana'anta a Kaduna, yanzu kuma ina koya wa matasa aikin. Na zaɓi in rubuto muku a fili, kuma da Hausa, domin yaran da nake koyarwa da tsofaffin abokan aikina su karanta, su san asalin koren bawul ɗin nan, wato na'urar da ke buɗe hanyar ruwa ko tururi a bututu ta kuma rufe, da muka ƙarar da ƙuruciyarmu muna kwancewa muna ɗaurawa. Yabon gwani ya zama dole, kuma an daɗe ana bin mu wannan bashi.

Da yawa cikinmu sun ɗauka Fisher sunan ƙarfe ne kawai da aka buga a jikin bawul. Ba su san mutum ba ne. William Fisher haifaffen Ingila ne da ya taso a Amurka, shi ne kuma ke kula da injinan ruwan garin Marshalltown. Famfunan wancan zamani da tururi suke aiki. Wata rana gobara ta tashi a garin, masu kashe wuta suka yi ta jan ruwa, ƙarfin ruwan da ke cikin bututu yana hawa yana sauka. In suka buɗe tiyo da yawa ƙarfin ruwa ya ragu, in suka rufe ya taso har a ji tsoron fashewar bututu. Haka bawan Allahn nan ya kwana a tsaye, yana ƙara wa famfo tururi yana ragewa da hannunsa. Duk wanda ya taɓa tsayawa kan bawul ɗin hannu da tsakar dare, ido na kan agogon matsi, hannu na kan ƙarfe mai zafi, ya san irin wannan gajiya. Ba ƙarfin jiki kaɗai take ci ba, hankali take ci, domin ƙiftawar ido ɗaya na iya jawo asara.

Abin da ya burge ni shi ne bai tsaya ga ƙorafi ba. A 1880 ya ƙera wata na'ura da ke barin ƙarfin ruwan da kansa ya riƙa juya bawul ɗin tururi: ruwa ya yi ƙarfi, ta rage wa famfo tururi, ya yi rauni, ta ƙara masa. Ita ce kuke kira Type 1. Ya sami takardar mallakar fasaharta a 1884, ya haɗa hannu da wani maƙerin injuna mai suna George Beebe, a 1888 kuma aka yi wa kamfanin rajista da sunan Fisher Governor Company. Daga baya Jasper, ɗan William Fisher, ya karɓi ragama, bayansa kuma jikan, J. W. Fisher. A 1969 kamfanin ya koma hannun wani kamfani mai suna Monsanto, ya zama Fisher Controls, sannan kamfanin Emerson ya saye shi a 1992. An yi ta sauya masu shi, amma ba a goge sunan ba, ba a kuma tashi daga Marshalltown ba. Mu da muka ga yadda masaƙun Kaduna suka rufe ɗaya bayan ɗaya, unguwanni suka mutu tare da su, mun san darajar masana'antar da ta zauna a garinta sama da shekara 140.

Godiyata ta farko a kan rai ce. Matashin da ya fara aiki yakan ɗauka aikin bawul shi ne buɗewa da rufewa in an ba shi umarni daga ɗakin kula. Wannan rabin aikin ne. Sauran rabin shi ne abin da zai yi ranar da babu mai ba shi umarni: wuta ta ɗauke, kwamfuresa, wato injin matsa iska, ya tsaya, iskar da ke tura shi ta ƙare. A ƙasarmu wannan ba labari ba ne, abincin yau da gobe ne. Kan bawul ɗinku mai lamba 667, iska ce ke ɗaga sandar da ke buɗe bawul ta rufe shi, sifirin kuma na danna ta ƙasa, don haka a bawul ɗin da ake dannawa ya rufe, da zarar iska ta yanke sai ya rufe kansa. Ɗan'uwansa mai lamba 657 akasin haka yake, iska ce ke dannawa, in ta yanke ya buɗe. Na farkon ake sa wa a layin man da ke shiga murhu, domin wuta ta mutu in an sami matsala. Na biyun ake sa wa a layin ruwan sanyaya inji, domin ruwa ya ci gaba da gudu ko da komai ya tsaya. Roba ce faffaɗa da sifirin da sanda, ba wani abin mamaki a ciki, amma sau da yawa mun tsaya cikin duhu kusa da tukunyar tururi muna jin ƙarar bawul suna komawa inda aka tsara musu, babu wanda ya taɓa su. Akwai magidanta da suka koma gida lafiya wajen 'ya'yansu saboda wani a masana'antarku ya auna ƙarfin sifirin ɗin nan daidai, ya gwada shi kafin a sa shi cikin akwati. Ba mu san sunansa ba. Allah ya saka masa da alheri.

Ta biyu ita ce ɗan farantin nan na ƙarfe da kuke maƙala wa kowane bawul, mai ɗauke da lambarsa. Mun gaji bawul da suka girme wasu daga cikin yaran da ke gyara su, takardunsu sun ɓace tun zamanin waɗanda suka gina wurin. Sai mu kankare tsatsa da ƙura, mu karanta lambar, mu aika wa wakilinku, a gano irin toshiyar da ke ciki, da kujerar da take zama a kai, da irin zoben da ke hana yoyo a wuyan sanda. A sauya waɗannan, jikin bawul ya ci gaba da aiki. Ga masana'antar da ke sayen komai da dala, wannan ba ƙaramin rufin asiri ba ne. Kamfanin da yake son ciniki kaɗai, da ya ce mana samfurin ya tsufa, mu sayi sabo. Har lokacin da zamani ya juya, aka bar sarrafa bawul da siginar iska aka koma ta lantarki, kuka fito da na'urar FIELDVUE a shekarun 1990, kun yi ta yadda za a ɗaura ta a kan tsohon bawul, ta riƙa faɗa wa kwamfuta inda sandar take da ko ta fara cijewa. Tsoho da sabo suka zauna wuri ɗaya ba faɗa.

Ta uku ita ce ta fi taɓa ni yanzu da nake koyarwa. Ba ku ɓoye ilimi ba. Littafinku Control Valve Handbook, wanda kuka fara bugawa tun 1965, a da sai a ofishin babban injiniya ake ganinsa, a ara a mayar kafin a tashi. Yau yana intanet kyauta, yaro ya sauke a wayarsa ya karanta a cikin a-daidaita-sahu. A cikinsa na fahimci dalilin da wani bawul ɗin ruwa ke ƙara kamar ana zuba tsakuwa a bututu: ruwa ne ke matsewa a ƙaramar kafa, matsinsa ya faɗi har ya yi kumfar tururi, kumfar ta fashe a gaba tana cin ƙarfe. A ciki kuma aka nuna ɓarnar sayen bawul da ya fi ƙarfin aikinsa, wanda mutanenmu ke yi da tunanin babba ya fi aminci, alhali sai ya yini yana rawa a bakin rufewa har kujerarsa ta lalace. Littafin bai ware iliminsa ga mai kayanku ba. Wanda ke gyaran bawul ɗin wani kamfani ma da shi yake aiki. A wajenmu, inda wani oga kan riƙe sirrin sana'a har ya shiga kabari da shi, wannan hali abin koyi ne. Na kuma ji daɗin labarin babban ɗakin gwaji da aka buɗe a Marshalltown a 2010, inda ake tura ruwa da iska cikin manyan bawul don a ga yadda za su yi kafin su bar gida.

Tunda na sami dama, ga roƙo biyu. Ƙurar hunturu da zafin bazara na cinye ƙananan matatun iska da ke gaban bawul da wuri, ga kuma kayan jabu da tsofaffin da aka sake wa fenti suna yawo a kasuwa, ƙaramin makaniki bai iya bambancewa. Da za ku fitar da bayani mai sauƙi, da hotuna, kan yadda ake gane na ainihi, da an tsira daga asara mai yawa. Na biyu, makarantun fasaha na arewacin Najeriya da na Nijar na yaye yara masu ƙwazo waɗanda ba su taɓa riƙe cikin bawul da hannunsu ba sai a zane. Bawul ɗaya da aka tsaga biyu don koyarwa, a ajiye a kowane ɗakin gwaji, zai yi aikin da laccar wata guda ba ta yi. In kuna da waɗanda aka dawo da su ba za su koma aiki ba, muna so.

A miƙa gaisuwata ga masu narka ƙarfe, da masu injin sassaƙa, da masu gwaji, da waɗanda suka yi ritaya. Allah ya ƙara albarka a sana'a, ya kare ku daga haɗarin aiki.

Naku,
Tsohon ma'aikacin na'urorin awo,
Kaduna, Najeriya.