Wasiƙa daga Tudun Wada

Assalamu alaikum mutumina,

Na san za ka ce sai da ta yi zafi na tuna da kai. Faɗi, da gaskiyarka. Wata uku ke nan ina zirga-zirga da Baba. Wata Laraba bayan Asuba ya dafe ƙirji a zaure, gumi na keto masa duk da sanyin hunturu, yana cewa wai ƙwannafi ne, a jiƙa masa kanwa. Ashe jijiyar da ke kai wa zuciya jini ce ta toshe.

Alhamdu lillahi ya tashi. Sai dai hoton eko, wanda ake ɗaukar zuciya da sauti, ya nuna wani ɓangare na zuciyar ya yi lamo, ba ya motsi. Likitan ya ce wannan ekon ba ya iya tantance ko naman ya mutu ne ko suma ya yi, sai an yi MRI, hoton cikin jiki da ake ɗauka da maganaɗisu. Haka muka kwashi tsoho sai Abuja. Kuɗin kuwa kar ka tambaya, masarar bana ta tafi.

Sai da suka gwada ƙodarsa tukuna, sannan suka yi masa allurar wani ruwa, gadoliniyam. Bayan kamar minti 10 zuwa 15 ruwan ya fice daga lafiyayyen nama, amma ya maƙale a cikin tabon da mataccen nama ya bari. A hoton sai ka ga mai rai baƙi, tabon kuma fari fat kamar alli. Baba da ko lifta ba ya shiga, ga shi kwance cikin wannan bututu kusan awa guda, ana ta ce masa riƙe numfashi, saki. Ya fito yana cewa ya ga samfurin kabari.

Kai, wai da gaske ne ka yi tumbi? Hajiyarka ta nuna mana hoton Sallah, da ƙyar na gane ka. Ka ci gaba da kilishin dare, gadon asibitin na nan yana jiranka.

To, naman zuciya in ya mutu ba ya sake tohowa, tabo ne ke cike gurbin. Abin da suke aunawa shi ne zurfinsa. In ya ci fiye da rabin kaurin bangon zuciyar, ko an buɗe jijiyar da wuya wurin ya farfaɗo. In bai kai rabi ba, akwai sa rai sosai. Wasu likitoci a Shikago ta Amurka ne suka nuna haka a 2000. Na Baba bai kai rabi ba! Wallahi a gaban likitan na yi hawaye. Abin da ke hana ni barci shi ne gefen tabon, inda ya yi toka-toka, mai rai ya cakuɗe da matacce. Daga nan ne bugun zuciya kan rikice farat ɗaya, ko da mutum na ji garau.

Baba kuwa ko a jikinsa. Shekaranjiya aka kama shi ya aiki almajiri Sabon Gari sayo tsire, ya ɓoye ƙullin a ƙarƙashin buzu. Inna ta kwashe gishiri da man shanu ta kulle a ɗakinta, yanzu ba sa ga maciji.

Af, mai shayinmu na Ƙofar Doka ya ƙara aure, kuma har yau yana cigiyar bashinka. Wata mai kamawa za mu koma a sa ranar buɗe jijiyar. Ka sa mu a addu'a, ka gaida madam da yara.

Naka,
Abokin cin mushenka