Zuwa ga Hajiyar da ta ce an hana shirinta shiga sikeli

Assalamu alaikum, ranki ya daɗe.

A gaban jama'a kika yi mini tambayar, don haka a gabansu zan amsa. Kin ce ƙungiyarku ta yi shekara uku tana mayar da 'yan mata makaranta a wasu ƙauyuka, masu ba ku tallafi suka turo ƙwararre ya auna tasirin aikin, bayan 'yan makonni ya rubuta cewa shirin bai kai matsayin da za a kimanta shi ba tukuna. Sai kika ce, wannan ba dabarar karɓar kuɗi a gudu ba ce? Ai kun ga canji da idonku.

Ban ga rahotonsa ba, don haka ba zan wanke shi ba. Akwai masu fakewa da wannan magana saboda lalaci. Amma matakin da ya ce ya ɗauka sanannen mataki ne a sana'armu ta kimanta shirye-shirye, kuma sau da yawa shi ne mafi amfani a cikin duk abin da muke yi.

Asalinsa daga Amurka yake. A shekarun 1970, Joseph Wholey da abokan aikinsa a cibiyar bincike ta Urban Institute da ke Washinton suka lura ana kashe kuɗi masu yawa wajen kimanta shirye-shiryen gwamnati, rahoto ya fito, ba wanda ya yi aiki da shi. Da suka bi diddigi sai suka tarar matsalar tana farawa tun kafin a kira mai kimantawa. Waɗanda suka ware kuɗin suna da manufa ɗaya a ransu, shugaban shirin yana da wata, ma'aikatan da ke fili kuma wani abu dabam suke yi. Wane ne daga cikin ukun za a auna? Shi ya sa Wholey ya ce a fara da ɗan gajeren bincike: a karanta takardun shirin, a zauna da masu ruwa da tsaki ɗaya bayan ɗaya, a je fili a ga abin da ake yi a zahiri, sannan a yanke ko lokacin babban awo ya yi.

Hajiya, ki gwada wannan a ofishinki gobe. Ki raba wa ma'aikatanki takarda, kowa ya rubuta a ɓoye mene ne nasarar shirin. Wata za ta ce yarinya ta shiga rajista. Wata za ta ce ta kammala aji uku na ƙaramar sakandare. Wani zai ce ta iya karatu, wani ya ce a jinkirta aurenta. Duk abin so ne, amma kowanne da irin ma'auninsa, kuma yarinyar da sunanta ke rajista tana iya kasancewa a tasha da farantin talla a lokacin darasi. In ba ku daidaita a kan ɗaya ba, duk abin da mai kimantawa ya auna, wani zai ce ba shi muke nufi ba.

Sai batun gani da ido, wanda shi ne ya fi yi miki ciwo. Na yarda kun ga canji. Tambayar da awon tasiri yake yi ita ce, da ba ku zo ba, me zai faru? Cikin shekara ukun nan wataƙila gwamnati ta gyara azuzuwa, ko an sami damina mai albarka iyaye suka sami sukuni, ko an naɗa hakimi mai son ilimi. Ba a raba naku da na waɗannan sai da bayanan yadda ƙauyukan suke kafin ku fara, da kuma wasu ƙauyuka masu kama da su da ba ku shiga ba.

Manya ma sun faɗa wannan rami, kuma a nan kusa da mu. Pampaida, a ƙaramar hukumar Ikara ta jihar Kaduna, tana cikin ƙauyukan shirin Millennium Villages da masanin tattalin arziki Jeffrey Sachs ya jagoranta a ƙasashen Afirka goma. An kai taki da iri, da gidan sauro, da asibiti, da ruwa. Amma ba a tsara shirin tun farko ta yadda za a kwatanta shi da wasu ƙauyuka a tsanake ba. A 2010 masana tattalin arziki Michael Clemens da Gabriel Demombynes suka nuna cewa wani ɓangare na ci gaban da shirin ke taƙama da shi a wasu ƙasashen yana faruwa har a yankunan da bai shiga ba. A 2012 aka buga a mujallar likitanci ta Lancet cewa mutuwar yara tana raguwa a ƙauyukan shirin fiye da sauran karkara, daga baya aka gano kuskure a lissafin, dole aka janye wannan iƙirari. Kimantawar ƙarshe da ta fito a 2018 sai da aka koma baya ana laluben ƙauyukan kwatanci bayan aiki ya ƙare. Ta nuna alheri a abubuwa 30 cikin 40 da aka auna, musamman lafiya da noma, amma gardamar ba ta mutu ba, domin hujjar da aka ɗinko daga baya ba ta kai wadda aka shirya tun farko ƙarfi ba.

Meziko kuwa, da ta fara shirin Progresa a 1997, na ba iyaye mata kuɗi bisa sharaɗin yara su je makaranta da asibiti, kuɗinta bai isa ta shiga ko'ina lokaci ɗaya ba. Sai aka ɗauki ƙauyuka 506, aka yi ƙuri'a, 320 suka fara karɓa a 1998, sauran 186 suka jira zuwa zagaye na gaba. Ba wanda aka hana, jeri kawai aka yi. Da sakamako ya fito babu inda za a ja, har gwamnatin wata jam'iyya da ta hau a 2000 ta ci gaba da shirin, ta sauya masa suna. Tun ran gini tun ran zane.

Ga inda zan saɓa da wasu abokan sana'ata. Ba kowane shiri ne yake bukatar awon tasiri ba. Ƙungiya mai aiki a ƙauyuka kaɗan, ko da ta yi komai daidai, yawan yaran ba lallai ya isa lissafi ya bambance tasiri daga dace ba, kuma kuɗin binciken na iya cinye abin da zai biya wa yara da yawa kuɗin makaranta. Irin taku abin da ya fi yi mata amfani shi ne sahihiyar bibiya: rajista mai sunan kowace yarinya da ajinta, ziyarar ba-zata a ƙirga waɗanda ke aji, ɗan gwajin karatu a farkon shekara da ƙarshenta, da dalilin duk wadda ta daina zuwa. Wannan ba zai ce ku kuka jawo canjin ba, amma zai nuna miki ƙauyen da aiki ke tangal-tangal tun da sauran lokacin gyara.

Shi kuma ƙwararren, ga yadda za ki gane ko ya ci kuɗinsa da halali. Rahoto na gari ba ya tsayawa a "bai kai ba". Dole ya faɗi wace manufa ce ba a daidaita a kanta ba, waɗanne bayanai ne babu, wa zai yi aiki da sakamakon kuma wace shawara ce ke jiran sa, sannan wane irin bincike ne zai yiwu yanzu da abin da ke hannu. In waɗannan ba sa ciki, ki rubuta wa masu ba ku tallafi ki nemi ya dawo ya cike su. In kuma kuna shirin shiga sababbin ƙauyuka baɗi, kada ku raba ko da littafi ɗaya kafin a ƙirga 'yan matan da ke makaranta da waɗanda ke gida, a ƙauyukan da za ku fara da waɗanda za su jira.

Allah ya ƙara ɗaukaka, ya sa wa aikin albarka.

Wassalam,
Ɗan'uwanki a wannan aiki