Masu kwana a tashar jirgin ƙasa da aikin tsaftar da ke bayansu

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. A gaishe mini da Inna da Baba da kyau, a ce musu ina nan ƙalau, sai dai sanyi ya fara shigowa.

Bidiyon da ka turo na mutanen da ke kwance a tashar jirgin ƙasa, da gaske a nan Jamus ne. Tun da aikin tsaftar tasha nake yi, bari in warware maka zare da abawa, ka kuma ba wa Auta ya karanta, tun da shi ma ya ƙwallafa rai a kan wannan aikin.

Wanda ba shi da wurin kwana yana zaɓar tasha ne don akwai ɗumi da haske da jama'a, ga kyamarori, ba kamar lambu ba inda za a iya yi masa duka ko sata cikin duhu. Akwai kuma kwalabe: robar ruwa ko gwangwanin lemo da matafiyi ya yar, in an mayar kanti ana ba da santi 25. Ƙidayar da aka yi a Berlin cikin dare guda a watan Janairun 2020 ta samu mutum 1,976 a waje, masu aikin agaji kuwa na ganin adadin ya fi haka. Da yawansu 'yan Turai ne daga Folan, Romaniya da Bulgeriya da suka zo neman aiki. A nan in ba ka da adireshin da aka yi maka rajista, aiki na wuya, in ba ka da aiki kuma mai gida ba zai ba ka haya ba.

Galibin sharar da ake kwashewa ta matafiya ce: kofunan kofi, guntayen sigari, takardun abinci. Abin da ke sa jama'a ƙorafi shi ne zarni, shi kuwa asalinsa rashin bayan gida ne. Ban-ɗakin tasha na kuɗi ne, yuro ɗaya ko fiye, a wasu tashoshin ma ana rufe shi da dare. Mutumin da ke wurin dare da rana ina zai nufa? Sai cikin lifta, ko kusurwar matakala, ko bayan na'urar sayar da tikiti. Mashayan ƙarshen mako masu gidajensu ma ba a bar su a baya ba.

Fitsari in ya bushe yana barin wani ɓawon gishiri a tsakanin tayil, sabulu ba ya taɓa shi, shi ya sa za ka ga an wanke wuri tas amma da ya ji damshi zarnin ya dawo. Sai da maganin wanki mai asid. Kafin a zuba shi ana fara jiƙa layukan siminti da ruwa, in ba haka ba asid ɗin zai cinye su, wurin ya yi ramuka, ya ƙara riƙe ƙazanta. A bar shi ya yi mintunan da aka rubuta a jikin galan, a goge da buroshi, a ɗauraye sosai. A daɓen mabul kuwa ba a sa asid sam. Abin da nake so Auta ya riƙe da kyau: kada ya kuskura ya haɗa mai asid da bilic, ko a bokiti ko a ƙasa ɗaya bayan ɗaya ba tare da ɗauraya ba. Haɗin yana fitar da iskar kulorin, a cikin lifta mai ƙofa rufe tana iya kayar da mutum. Bilic a kan fitsarin da ba a ɗauraye ba shi ma yana tayar da iska mai ƙona ido da maƙogwaro. Tsummoki ma launi-launi ne, ja na masai, rawaya na wurin wanke hannu, shuɗi na kujeru da tebura, ba a musanya su.

Allura ta fi komai haɗari. Da awartaki ake ɗaukar sirinji, da safar hannu mai kauri, a jefa a rawayar roba mai tauri ta zuba allurai, ba a mayar wa allurar murfinta. Robar in ta kai kashi uku cikin huɗu an rufe ta ke nan. Ba a danna shara da hannu ko ƙafa don leda ta ƙara ci, ba a kuma rungumar leda a jiki. In tsautsayi ya faɗa, a bar jinin ya fita, a wanke da sabulu da ruwa, a tafi asibiti nan take. Maganin kariya daga ƙanjamau ya fi aiki a sa'o'in farko, bayan awa 72 kuma ba ya da amfani. Rigakafin ciwon hanta nau'in B allura uku ce cikin wata shida, gara a fara tun kafin a kama aiki.

Kada ka ɗauka hancin matafiya kawai ake karewa. A gundumar San Diyego ta Amurka, annobar ciwon hanta nau'in A da ta yi ƙamari a 2017 ta kama mutum 592, ta kashe 20, yawanci marasa muhalli. Sai da hukuma ta kafa wuraren wanke hannu, ta buɗe ban-ɗakuna, ta yi rigakafi, ta wanke tituna da bilic.

In za a wanke inda mutum yake kwance, ba a taɓa shi. A tsaya ta gefe, a yi masa magana, a ba shi lokaci ya tattara kwalinsa da bargonsa. Jakar da ka ga an bari a lungu kada ka ce shara ce, wataƙila takardunsa da magungunansa duk suna ciki, wanda ya rasa fasfo kuwa sai ya yi watanni yana fama. Masu tsaro ake kira su duba ta. In an yi magana bai motsa ba, ko jikinsa ya yi ƙanƙara kuma ya daina rawar ɗari, wannan ba barci ba ne. A kira 112, lambar agajin gaggawa, a lulluɓe shi, kada a murza masa hannu da ƙafa, kada a ba shi giya wai don ya ji ɗumi.

Masu tsaro na da ikon fitar da mutum har su hana shi dawowa. Ni dai ban ga abin da korar ke gyarawa ba, don wanda aka fitar ta ƙofar gabas zai koma ta yamma ko tasha ta gaba, fitsarin ya bi shi can. Abin da ke rage mana aiki shi ne wurin wanka da masai kyauta. Bahnhofsmission, ƙungiyar agaji ta tashoshin jirgin ƙasa wadda aka fara a Berlin a 1894, tana da ofisoshi a tashoshi kusan 100, suna ba da shayi da wurin zama da shawara. Kusa da ofishinta na tashar Zoo a Berlin an buɗe wurin wanka da ban-ɗaki kyauta a 2015. Da hunturu kuma akwai motar ƙungiyar agaji ta Berliner Stadtmission da ke zagayawa da dare tun 1994, tana kai mutane masauki. Finlan ta fi kowa nisa: tun 2008 take fara ba mutum ɗaki nasa, sannan a zo maganar shaye-shaye da aiki.

Ka gaya wa Auta kada ya taso sai da takardar aiki a hannu da adireshin da za a yi masa rajista. Alkawarin "zo ka zauna wurina" ba adireshi ba ne.

A gaida yara da mamansu. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninka