Wasiƙa daga Jos: Sauron Ambursa da Jikokinsa

Jos,
daren Lahadi.

Zuwa ga abokina Garba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da su Inna. Ya jikin Ummi? Allah Ya ƙara mata sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai ruwa da sanyi. Ka san Jos a watan Agusta, yau kwana huɗu rabonmu da rana.

Saƙonka na murya ya iso, har sau biyu na saurare shi. Na ɗauki waya zan ba ka amsa, sai na ga maganar ta fi ƙarfin minti biyu, shi ya sa na zauna na rubuta kamar zamaninmu na makarantar kwana. Ka ce gidan sauron da aka raba muku a Birnin Kebbi na bogi ne, don da idonka ka ga sauro ya sauka a kansa, ya huta, ya tashi abinsa. Ka ce tunda ni ne "sarkin sauro" in faɗa maka gaskiya. To ban ga naka ba, ba zan rantse a kansa ba. Amma abin da ka gani ina ganinsa kusan kowane mako a ɗakin gwajinmu, kuma da maganin da babu shakka a kan ingancinsa.

Ga yadda muke yi. Mukan fita da ludayi da bokiti wajen Lamingo ko bakin tsofaffin ramukan kuza na Bukuru, mu ɗebo tsutsar sauro a 'yan kududdufai da sawun shanu. Yara na biye da mu suna dariya, wai ga manya da takalmin roba suna kamun abin da ko kaza ba ta so. Mu raine su a ɗaki har su yi fiffike. In sun kwana uku zuwa biyar sai mu ware matan, tunda su ke cizo, mu zuba ashirin zuwa ashirin da biyar a bututun da aka shimfiɗa wa takarda mai magani, su yi awa ɗaya a ciki. Mu fitar da su, mu ba su ruwan sukari, washegari war haka mu ƙirga gawa. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce in kashi 98 cikin 100 ko fiye suka mutu, magani na ci. In aka gaza kashi 90, sauro ya yi tauri. Garba, akwai safiyar da na buɗe na tarar da su suna ta shawagi a kan deltametirin, irin maganin da ake sa wa gidan sauro, kamar an kai su yawon sallah.

Na ce tauri, amma kada ka ɗauka irin na 'yan taurin da muke kallo ne. Ɗan tauri jiƙo yake sha a rayuwarsa. Sauro kuwa ba ya sabawa da magani, ba ya koyon komai, da abinsa ake haihuwarsa. A cikin dubban sauro akan sami ɗaya ko biyu da ƙwayar gadonsu ta ɗan bambanta. Ka yi feshi, sauran su mutu, waɗannan su rage. Macen na zuba ƙwai 50 zuwa 200 a zama ɗaya, kuma a zafi irin naku kwana goma ya isa ƙwai ya zama sauro. Kafin damina biyu ko uku unguwar ta zama ta jikokin waɗanda suka tsira, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Abin da zai ba ka mamaki, a ƙofar gidanka aka fara karanta wannan darasi a kan sauron maleriya na Afirka. A 1954 aka soma wani aikin gwaji na feshin gidaje a yammacin Lardin Sakkwato, yankin Birnin Kebbi, da magunguna irin su DDT da diyaldirin. Da farko sauro ya yi ƙasa har ana murna. Zuwa ƙarshen 1955 sai aka ga diyaldirin ya daina kashe Anofilis gambiya, babban mai yaɗa maleriya a ƙasarmu. Aka kwashi irin sauron daga Ambursa, nan inda filin jirginku yake yanzu, aka kai Landan. Wani masani mai suna George Davidson ya haɗa su aure da sauron Legas da magani ke kashewa. 'Ya'yan suka fito tsaka-tsaki. Da aka sake haɗa 'ya'yan da juna, jikoki suka rabu: kashi ɗaya cikin huɗu masu tauri sosai, rabi tsaka-tsaki, kashi ɗaya cikin huɗu masu mutuwa. Wannan lissafi ya nuna ƙwayar gado guda ɗaya tak ce ke riƙe da abin. A 1956 ya wallafa. An daina amfani da diyaldirin shekaru da yawa, amma har yau ana samun wannan gadon a jikin sauron Afirka ta Yamma. Duk sanda na karanta sunan Ambursa a takardun Turawa sai in tuna ka.

Maganin da ke jikin gidan sauronka wani dangi ne daban, ana ce masa fairetiroid: su fametirin, su deltametirin. A jijiyar sauro akwai wasu ƙananan ƙofofi da ke buɗewa su rufe cikin ƙiftawar ido don saƙo ya wuce. Maganin yakan shiga ya tokare ƙofar a buɗe, kamar yadda kake sa dutse ka tokare ƙyaure. Saƙo ya yi ta kwarara babu tsayawa, sauro ya kama makyarkyata, ya faɗi. To a cikin rubutun gadon da ke gina wannan ƙofar, harafi ɗaya ne ya sauya, inda ake TTA ya koma TTT, kamar mai kwafin littafi da hannu ya zame a baƙi guda. Wannan ya ɗan canja siffar wurin da dutsen ke zama, sai ya daina kamawa da kyau. Muna kiran wannan sauyi kdr. A 1998 aka bayyana shi a sauron Afirka ta Yamma, a 2000 kuma aka samu ɗan'uwansa a Kenya. DDT ma wannan ƙofar yake tokarewa, don haka sauron da ya gaji kdr ya sami kariya daga magunguna biyu da harafi ɗaya.

Da kdr ne kaɗai da da sauƙi. Wanda ya fi hana ni barci shi ne na biyun. Jikin sauro, kamar hantar mutum, yana da sinadaran da ke narka guba. Wasu saurayen sun gaji ƙwayoyin gado da ke sarrafa waɗannan sinadarai ninkin-ba-ninkin, irin su CYP6P3 da CYP6M2, sai su narkar da maganin tun bai kai ga jijiya ba. Wasu fatarsu ce ta yi kauri, maganin ya daɗe bai ratsa ƙafa ba. Kuma sauro ɗaya na iya haɗa duka ukun. Akwai ma masu fara cizo tun magariba a tsakar gida, lokacin da kowa ke kan tabarma, amma wannan zance ne na wata rana.

Yanzu bari in taɓo ka, ka yi haƙuri. A saƙon naka ka ce bana sau nawa ka yi wa shinkafarka feshi? Jeka ka ɗauko kwalbar ka karanta ƙananan rubutun. In ka ga saifametirin ko lamda-saihalotirin, to dangin maganin gidan sauronka ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ruwan da ke kwance a fadamarka cike yake da tsutsar sauro, kuma maganin da ya sauka a ciki ya tsinke, bai kai ya kashe duka ba, sai raunana. Kenan tun suna ruwa kake tankaɗe su, kana zaɓo wa kanka gwanaye. Ban ware ka kai kaɗai ba. Masu noman kabeji da tumatir da ke cika kasuwar Farin Gada haka suke yi, kuma ban ga laifin mutumin da ke kare abincin 'ya'yansa ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne ma'auni da murfin kwalba da ido, da "ƙara kaɗan don ya ci". Ni kaina akwai fiya-fiya a bayan ƙofata har bara, sai da uwargida ta yi ta tari na fitar da shi.

Kada dai ka cire gidan sauron nan ka kai shi lambu ka yi shinge. Ko maganin bai kashe ba, ragar na tsare Ummi muddin babu huji kuma an cusa gefenta ƙarƙashin katifa. Sauron da ya sha maganin bai mutu nan take ba ma sau da yawa ba ya daɗewa, alhali ƙwayar maleriya na buƙatar kwana goma ko fiye a cikinsa kafin ya iya harba wa wani. An ƙiyasta cewa daga 2000 zuwa 2015 an kauce wa kamuwa miliyan 663 a Afirka, kuma kashi 68 cikin 100 na wannan aikin gidan sauro ne. Mu da ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na maleriyar duniya ba mu da halin yin fushi da shi.

Duba ledar da ya zo a ciki ko 'yar takardar da ke ɗinke a gefensa. In ka ga PBO, wannan wani sinadari ne da ke daƙile masu narka gubar nan, sai tsohon maganin ya dawo yana ci. Akwai kuma sabon samfuri mai magani biyu, irin Interceptor G2, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da irinsa a 2023. Na biyun, kilofenafir, ba ruwansa da ƙofar jijiya, wutar jikin sauron yake kashewa a hankali. Ɗauki hoton takardar ka turo min.

Sannan ina da roƙo. In ka bi ta Ambursa a hanyar Argungu, ka tsaya ka nemi dattijo mafi tsufa a garin ka tambaye shi ko ya tuna masu feshin ɗakuna na zamanin Turawa, da abin da mutane suka ce lokacin da sauro ya dawo. Ka naɗo min muryarsa in ya yarda. Zan aiko maka da buhun dankalin Turawa ta motar Laraba, kai kuma ka san busasshen kifin Yawuri da ka yi min alkawari tun ƙaramar sallah.

Ka gaida Inna da Maman Ummi, ka shafa min kan yara.

Naka har kullum,
Sani