Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiya

Assalamu alaikum. Kwamitin gudanarwa yana gabatar wa mambobi rahoton ayyukan shekarar da ta gabata, wadda muka ware ta domin nazarin sauya fasalin tambaya a rumbunan bayanai masu istimbaɗi (wato waɗanda ke fitar da sababbin bayanai daga waɗanda aka adana ta hanyar ƙa'idoji), da kuma fassarar ƙiyasi ta shirye-shiryen mantiƙi (wato kimanta halayen shirin kwamfuta da aka rubuta da ƙa'idojin mantiƙi ba tare da an gudanar da shi ba).

Zaman karatun farkon shekara ya ta'allaƙa ne a kan dabarar Magic Sets, wata hanyar sauya fasalin tambaya domin rage lissafi, wadda Bancilhon da Maier da Sagiv da Ullman suka gabatar a 1986. Mun gwada ta da misalin nasaba a harshen Datalog, wanda ake rubuta ƙa'idoji da tambayoyi da shi a irin waɗannan rumbunan. Idan aka nemi kakannin mutum guda, lissafin da ke tasowa daga bayanai zuwa sama sai ya zaƙulo nasabar kowa da kowa kafin ya ware amsar, alhali ba a bukaci haka ba. Dabarar tana yi wa kowane gurbi (wato wurin da ake saka ƙima a cikin ƙa'ida) alamar ko ƙimarsa sananniya ce lokacin da aka kira ƙa'idar, sannan ta ƙara sababbin ƙa'idoji waɗanda ke hana lissafin fita daga nasabar mutumin da aka yi tambaya a kansa. Mambobi sun lura, kuma kwamiti ya gamsu, cewa ribar ba ta tabbata a kowane hali, domin idan tambayar ta shafi yawancin bayanan, ƙarin ƙa'idojin nauyi ne kawai, kuma shirin da ke ɗauke da korewa (wato sharaɗin cewa wani abu ba haka yake ba) yana iya rasa tsarinsa na hawa-hawa, wanda ke sa a kammala lissafin abu kafin a kore shi, bayan sauyin.

Daga baya muka koma ga fassarar ƙiyasi, wadda Patrick da Radhia Cousot suka kafa tushenta a 1977, muka yi amfani da ita wajen gano waɗanne gurabe ne a shirin Prolog (wani harshen shirye-shiryen mantiƙi) suke samun cikakkiyar ƙima, wato wadda babu wani ɓangarenta da ba a sani ba, ba tare da an gudanar da shirin ba. A nan ne ayyukan biyu suka haɗu: idan aka fara sauya shirin da Magic Sets, nazarin da ke tasowa daga ƙasa yakan bayyana yanayin kiran kowace ƙa'ida, abin da a da sai an bi shirin daga tambaya zuwa ƙasa ake samu. Debray da Ramakrishnan sun yi bayanin wannan alaƙa a 1994, kuma a ganin kwamiti ita ce babbar fa'idar shekarar.

Gwajin da muka shirya yi da manhajar XSB mai gudanar da shirye-shiryen mantiƙi bai kammala ba saboda ƙarancin lokaci. An mayar da shi shekara mai zuwa, tare da nazarin korewa, kuma ana roƙon masu sha'awar jagorantar zaman su sanar da sakatare kafin babban taro.