Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Kano: A Sama Wa Tsofaffin Injinan Jirage Rumfa Kafin 'Yan Gwangwan Su Gama Da Su

Mai girma Gwamna, Injiniya Abba Kabir Yusuf,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, Allah ya yi riƙo da hannunka a kan wannan kaya da ka ɗauka.

Ni tsohon bakaniken jirgin sama ne. Na yi shekara talatin da 'yan kai hannuna cikin baƙin mai, yanzu na ajiye sifana don ido ya fara gardama. Na san teburinka cike yake da maganar ruwan sha da asibiti da albashi, kuma duk wanda ya zo maka da zancen tsohon ƙarfe a irin wannan lokaci, sai a ce ƙoshi ne ya yi masa yawa. To, ranka ya daɗe, ka ara mini kunne kaɗan, tunda kai ma injiniya ne.

Shekarun baya na shiga wata kasuwar 'yan gwangwan ina neman ƙarfen da zan gyara ƙofar gidana. Sai na hango samari uku sun kewaye wani abu da guduma da cizal, suna ta dukansa. Tun daga nesa gabana ya faɗi, don na gane shi kamar yadda uwa ke gane kukan ɗanta. Injin Pratt & Whitney R-1830 ne, mai silinda 14 a jere biyu, an shirya su a zagaye kamar tauraro, irin wanda ake ɗaura wa jirgin DC-3. Ƙarfin doki 1,200 ne kwance a cikin ƙura, akuya na shinshinarsa. Sun riga sun ɓalle silinda biyar. Na tambayi babbansu ko ya san abin da yake fasawa, ya share gumi ya ce, "Baba, mu kilo muke sayarwa." Ban ga laifinsa ba, abincinsa yake nema. Na laluba aljihu, abin da ke ciki silinda ɗaya kawai ya iya saya. Na ɗora ta a bayan babur na kawo gida. Sauran kuwa an narka, ƙila yanzu wata baiwar Allah na tuƙa tuwo a cikinsa.

Abin da ya sa wannan ya tsaya mini a rai shi ne, a duk Nijeriya babu garin da ya kai Kano haƙƙi a kan tarihin jirgin sama. Ranar 1 ga Nuwamba 1925, zamanin Sarkin Kano Usman, jirage uku ƙirar DH.9A na sojan saman Ingila suka sauka a nan, a filin dawaki, don a lokacin babu filin jirgi. Daga Helwan ta ƙasar Masar suka taso, Arthur Coningham na jagorantarsu, suka biyo ta Sudan da Chadi. Injin da ya kawo su sunansa Liberty, ƙirar Amurka ta 1917, silinda 12, ƙarfin doki 400, da lagireto na ruwa kamar mota. Ka duba, jirgin katako da yadi, a ratsa wannan hamada da shi! A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara zuwa Kano daga Khartum. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya yi zafi, daga 1940 aka riƙa haɗa jiragen yaƙi a Takoradi ta ƙasar Gana, su biyo ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy (N'Djamena ta yanzu) da El Fasher har Alƙahira. Dubbai ne suka bi wannan hanya, cikinsu har da Hurricane mai injin Merlin na Rolls-Royce. Daga baya ga WAAC, kamfanin jiragen saman Afirka ta Yamma, ga Nigeria Airways daga 1958 har rushewarsa a 2003, ga Kabo Air namu na gida, ga jigilar alhazai da kowane gida a Kano yake da labarinta.

Daga 1925 zuwa 2025 shekara ɗari ke nan cif. In yaro ya ce a nuna masa ko da kusa ɗaya daga duk wannan, ina za a kai shi? DH.9A na asali da ya rage yana gidan tarihin sojan saman Ingila da ke Hendon a Landan. Mu nan muna da Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa, Allah ya saka wa masu kula da su, amma ba a gina su don wannan ba. Gidan tarihin yaƙi na Umuahia yana da jiragen yaƙin basasa, sai dai a fili suke, rana ta doke su, ruwa ya doke su. A 2013 kuwa hukumar FAAN mai kula da filayen jiragen sama ta shiga share matattun jirage daga filayen jiragen ƙasar nan, aka yayyanka su. Share su ya zama dole, don sun zama gidan macizai da tsuntsaye a gefen titin jirgi. Abin da nake cewa shi ne, da akwai wurin ajiya, da an cire inji ɗaya daga kowane iri kafin a sa wuta a yanka.

Ba katafaren gini nake roƙo ba, ranka ya daɗe. In gaskiya zan faɗa, tsoron katafaren gini nake yi. Mun saba: a yanka kyalle, a ɗau hoto, bayan damina uku rufi ya fara yoyo, mai gadi ya shuka masara a harabar. Ko a ƙasashen da suka fi mu kuɗi, ƙananan gidajen tarihin jirage mutuwa suke yi, kuma ba rashin masu sha'awa ke kashe su ba. Gidan tarihin jirage na Virginia da ke Richmond a Amurka an rufe shi a 2016 saboda ginin ya lalace. Na Cornwall a Ingila, wanda a da yake filin jirgin Newquay, zaman haya ya yi, da masu filin suka ce a tashi sai aka rasa inda za a kai manyan jiragen. Fili na haya, rufi mai yoyo, da tsofaffin masu aikin sa kai da ke raguwa ɗaya bayan ɗaya, su ne cutar. Cikakken jirgi kuwa kamar giwa ne a gidan talaka: kyautarsa ma masifa ce. Boeing guda zai cinye fili da fenti da kuɗin da ƙaramin gidan tarihi ba zai iya ba.

Shi ya sa na ce inji. Inji yana shiga ɗaki. Motar a-kori-kura za ta iya ɗaukar da yawansu. Kuma a cikinsa hikimar take, gangar jikin jirgi kwanso ce kawai. Kula da shi ba sihiri ba ne. A ɗora shi a kan ƙafar ƙarfe, a cire fulogai a fesa man hana tsatsa a cikin silinda, a toshe da fulogi mai shan danshi, wanda ƙwayoyin cikinsa shuɗi ne, in sun koma ruwan hoda ka san lokacin canji ya yi. A toshe bakin kabireta da salansa, in ba haka ba zanzaro zai gina ɗakinsa a ciki, mun sha fama da shi. Lokaci-lokaci a juya karanshaf da hannu don kada fistin ya kama. Allah ma ya ba mu rabin aikin kyauta: busasshiyar iska. Amurkawa saboda rashin danshi suka zaɓi Tucson ta jihar Arizona suke jibge tsofaffin jiragen soja. Mu watanni huɗu na damina da ƙurar hunturu kawai za mu kare, kuma rufin kwano mai kyau da tamfol sun isa.

In aka yi dace da wanda zai iya tashi, to nan ne daɗin yake. Wanda bai taɓa tsayawa kusa da inji mai zagaye ana tayar da shi ba, ba zai gane ba. Da yake wasu silindodin kansu a ƙasa yake, baƙin mai na tsiyaya ya taru a cikinsu in inji ya kwana. Sai an fara juya farfela a hankali, ana ƙirga fikafikanta, ana jin ko za ta cije. In ka yi gaggawa ka tayar da mai a ciki, sandar fistin ta lanƙwashe, ka gama da inji. In ta wuce lafiya, sai a ba shi wuta. Ya yi tari sau ɗaya, sau biyu, ya tofar da farin hayaƙi har ka daina ganin na kusa da kai, silindodin su riƙa kamawa ɗaya-ɗaya kamar ana tayar da almajirai sallar asuba, sannan ya daidaita, ka ji ƙarar a ƙirjinka kafin kunnenka. A Old Warden ta Ingila, wurin da ake kira Shuttleworth, har yau suna da jirgin Blériot na 1909 da ke iya ɗagawa sama. Mutane na biyan kuɗi su je kallo.

Kuma ba don 'yan kallo kaɗai ba. A 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero ya haɗa helikwafta a gida da injin Honda Civic da tarkacen ƙarfe, har jaridun duniya suka ɗauka. Irinsa nawa ne a garejin Fagge da Ƙofar Ruwa da makarantun fasaha na jiha, waɗanda ba su taɓa sa hannu a kan injin jirgi ba sai a waya? Inji ɗaya da aka tsaga gefensa, yaro ya juya da hannu ya ga bawul na buɗewa yana rufewa, ya fi masa zanen allo na zango guda.

Na san filin jirgin Malam Aminu Kano na Gwamnatin Tarayya ne, kayan soja kuma na soja ne. Amma wasiƙar Gwamna tana buɗe ƙofar da tawa ba za ta ko ƙwanƙwasa ba. Roƙona shi ne ka ware tsohon sito ko rumfa ɗaya daga cikin gine-ginen jiha da ke zaune babu aiki, a yi mata takardar mallaka da sunan gidan tarihin tun ranar farko, don kada wata gwamnati ta wayi gari ta yanka wurin shaguna. A sa shi ƙarƙashin Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha, da albashin bakanike biyu, ba darakta goma ba. Sannan ka rubuta wa Ministan Sufurin Jiragen Sama, da Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgi ta Zariya wadda aka kafa a 1964, da Rundunar Sojan Sama, cewa duk injin da aka yi ritaya da shi a sanar da Kano kafin a yi gwanjonsa. A roƙi Air Beetle guda, ƙaramin jirgin koyon tuƙi da aka riƙa haɗawa a Kaduna, shi kam zai shiga rumfa da fikafikansa. Kowane inji ya zo da farantin lambarsa da littafin aikinsa, domin inji babu takarda kamar baƙo ne babu dangi, ba ka san inda ya je ba balle wanda ya taɓa shi.

Abu ɗaya ne ba zai jira kasafin baɗi ba, wato mu. Waɗanda suka koya mana aiki, da suka yi zamani da DC-3 da Fokker F27, kusan duk sun riga mu gidan gaskiya. Mu da muka biyo bayansu, a wurin jana'iza muka fi haɗuwa yanzu. A turo ɗalibai biyu da waya mai kyamara su zauna da mu, mu nuna musu yadda ake saita magneto, wato na'urar da ke ba fulogi wuta, da yadda ake sauraron inji a gane ciwonsa. Ba ma neman ko sisi a kan wannan.

Silindar nan tana nan a zaurena, na lulluɓe ta da tsohon buhu, duk wata ina shafa mata mai. Jikokina sun ɗauka turmi ne. Na san mutum biyu da suke da irin wannan ajiya, ɗaya farfela, ɗaya akwatin littattafan gyara da gara ta fara ci. Ranar da aka nuna mana rumfar, ni zan biya kuɗin a-kori-kurar da za ta kwaso su.

Allah ya taimaki Gwamna, ya zaunar da Kano lafiya.

Naka,
Tsohon bakaniken jirgin sama,
Kano.