Tunawa da marigayi Abdallah Oumbadougou

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ranar Asabar bayan La'asar za mu taru a inda muka saba domin yi wa marigayi Abdallah Oumbadougou addu'a, makaɗin jitar nan na Agadas da ya rasu a Janairun 2020.

Lokacin tawayen Abzinawa an haramta waƙoƙinsa, amma jama'a suka riƙa miƙa wa juna kaset a ɓoye. Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne, bayan sulhun 1995 bai yi rowar basirarsa ba, ya buɗe makarantun kiɗa a Arlit da Agadas, yara suka samu mai ɗora musu yatsu a kan tsirkiya.

Duk mai tsohon kaset ɗinsa ya taho da shi. Allah Ya jiƙansa.